Ƙwan Kififiya a Filin Yaya

Ko ruwan shayi ban sauke ba sai ga Yaya ta faɗo gidan babu sallama, mayafi a hannu, takalmin ƙafar dama daban, na hagu daban.

"An kwashe ƙwan," ta ce tana haki. "Kuma duk unguwa sun ce ni ce."

Wanda bai san unguwarmu ba zai zaci ƙwan kaza ake magana. Ina! Da na kaza ne ai da mun biya mun huta.

Yaya yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tela ce. Tun daga aurenta har rasuwar mijinta a gidan haya take. Kowane mai gida da dokarsa, amma duk sun haɗu a kan guda: ba a buga ƙusa a bango. Shi ya sa agogon bangon da mahaifiyarmu ta bar mata yake kwance cikin kwali a ƙarƙashin gado, tana fito da shi ta goge ta mayar. Da ƙyar da jiɓin goshi ta sayi fili a bakin tafki, tsakanin gidan burodi da wani gidan bene. An sauke bulo, an sauke yashi, magini har ya ja igiya. Sai aka kai wa hukumar muhalli labari cewa kififiya mai jan wuya, kunkurun ruwan nan da aka ce ya kusa ƙarewa, ta yi ƙwai daidai inda falon Yaya zai zauna.

Hukuma ta zo ta kewaye filin da waya, ta kafa allo: ba gini, ba haƙa, ba hura wuta. Yaya ta ce to a ba ta diyya ta nemi wani wurin. Suka ce ai ba karɓewa aka yi ba, fili nata ne har gobe. Ta ce to ta yi me da shi? Suka nuna mata allon. Lauyan da ta ɗauka ya kai ƙara, ya ce abin da aka hana ka kowane irin amfani da shi an karɓe shi ke nan, ko da an bar maka takardarsa kana firfita da ita. Ana cikin jiran kotu wannan ta faru. Ita kuwa dokar a nan ba ta da wasa: mai filin da ya ɓata sheƙar kififiya, filin ya tafi, babu diyya, babu sai anjima.

"Malam!" na ƙwala wa maigidana kira. "Fito, aiki ya same ka."

Mai Sawu ake ce masa. Ya yi aiki a gandun daji har ya yi ritaya, yana bin sawun namun daji da na masu farautarsu a ɓoye. An ce yakan dubi ƙasa ya gaya maka dabbar da ta wuce da kuma ko ta ƙoshi. Ni dai a gida abin da na sani, kullum sai na nuna masa tabaransa a saman kansa. Shi kuma Rediyo yake ce mini, wai don ni mai kitso ce, labarin unguwa kaf a tsakanin gwiwoyina yake kwana.

Ya fito yana ɗaura agogo. "Yaya, kin taɓa ramin?"

"Wallahi ko kusa da shi ban je ba."

"To sha shayi. Rediyo, ba ta takalmi iri ɗaya."

* * *

Muna isa filin Mai Sawu ya dafe kai. Duk mai ƙafa a unguwar ya riga ya zagaya ramin, har da awakin mutane.

"Da kasuwa suka ci a nan da ya fi mini sauƙi," ya ce.

Ma'aikaciyar hukumar tana durƙushe a bakin ramin. Mai Malafa muke ce mata, don ko ruwa ake yi ba ta rabuwa da malafarta. Yarinya ce mai ladabi, ga sanin aiki, sai dai in ana maganar kififiya takan manta cewa mutane ma suna da rai.

"Baba, ina kwana," ta ce. "Ba guza ba ne, ba kare ba ne. Da su ne da mun ga ɓawo. Hannu ne ya tona, kuma a hankali."

"Hannun mai tausayi," in ji Mai Sawu, yana leƙawa. "Ko yashin gefe bai rufta ba."

"Tausayi ko rashinsa, jibi zan miƙa rahoto. In ban sami wani ba, sunan mai fili doka ta ce in sa."

Jama'a suka hau ƙus-ƙus. Wata ta ce ai an ji Yaya tana cewa da ta ga kififiyar nan sai ta jefa ta a tukunya. Gaskiya ne ta faɗa, a gabana ma, amma wa bai taɓa faɗin irin wannan ba in ransa ya ɓaci?

Mutum ɗaya ne ya tsaya mata, Mai Burodi, maƙwabcin filinta na dama. Ƙato ne mai taushin zuciya, irin wanda ke kuka a ɗaurin auren da bai san kowa ba. Tun da aka rufe filin kullum sai ya aika wa Yaya burodi mai zafi kyauta.

"Yaya ba za ta aikata ba!" ya ce da ƙarfi, gumi na tsiyaya masa. "Na rantse ba ita ba ce! A bar baiwar Allah ta yi gininta, tunda ƙwan ma babu."

"Babu ƙwan shi ne matsalar, Baba," in ji Mai Malafa. "Da suna nan, rufewa ce kawai. Yanzu ƙwacewa ce."

Mai Burodi ya juya da sauri. Ya koma shagonsa yana share wuya da tawul.

* * *

A jikin waya, inda jama'a ba su taka ba, Mai Sawu ya sami sawu biyu. Na farko takalmi ne mai tsinin baki. Wannan ko ni na san mai shi. Dillali, mai cinikin filayen unguwarmu, shi kaɗai ke sa irin wannan takalmin a cikin yashi.

Muka same shi a rumfarsa yana goge takalman da hankici.

"Na je, mana," ya ce, ko gezau. "Jiya da yamma. Ina duba kayana ne."

"Kayanka?" na ce. "Ka ji mini mutum!"

"Nan gaba, Uwar ɗakina, nan gaba. Yaya za ta gaji da shari'a ta sayar mini da araha, ni kuma in jira. Dokoki suna tsufa, ni ba na gajiya." Ya juya ga Mai Sawu. "Amma Malam, ka yi mini adalci. In hukuma ta ƙwace filin, wa zai sayar mini? Ni ƙwan nan addu'ar tsawon rai nake musu. Ka tambayi na saman bene, shi da ba ya sauka daga baranda."

Na so in ƙi yarda da shi don haushin takalmin, amma maganarsa ta zauna.

Mai Bene tsohon shugaban makaranta ne, har yanzu in yana magana sai ka ji kamar za ka miƙe tsaye. Ya karɓe mu a barandar, ga tafki shimfiɗe a gabansa.

"Ni na kai rahoto tun farko, ban ɓoye ba," ya ce. "Na fito da safe na hango fararen abubuwa a yashi, rabi a waje. Aikin ɗan ƙasa nagari na yi."

"Da aikin mai son kallon ruwa," na ce. "Ginin Yaya zai tare maka."

"Zai tare. Shi ya sa ni ne mutum na ƙarshe da zai so ƙwan su ɓace." Ya gyara tabarau. "Abin da na gani zan faɗa, ko ba daɗi. Shekaranjiya da yamma na ga yayarki riƙe da waya tana kuka tana yi wa kififiya Allah ya isa."

"Kuka laifi ne?"

"Ban ce ba. Ni dai tun da abin nan ya fara ban huta ba. Da rana hayaniya, da sassafe kuma ƙarar tsintsiya, shar, shar, shar, kamar a cikin kunnena."

Babu wanda ya kula da wannan maganar a cikinmu, mun ɗauka ƙorafin tsufa ne.

* * *

Sawu na biyu silifa ne, kuma shi ya fi ɗaukar hankalin Mai Sawu. Ya sunkuya, ya auna da tafin hannu, ya shiga bayani da muryar nan tasa ta gandun daji.

"Mace ce. Gajeriya. Tana da ɗan jiki. Ta zagaya wayar, ta tsaya a nan ta daɗe. Tana jan ƙafar hagu kaɗan."

Na ce masa ni ina da kitso, ya bi abarsa. Ya bi. Ya bi ta bayan shagon mai gyaran keke, ya bi ta bakin famfo, ya bi ta ƙofar gida wajen biyar, don a cewarsa matar ba ta wuce ƙofa ba ta tsaya ba. Rana ta take sai ga shi ya shigo gidanmu a sunkuye, idonsa a ƙasa, har ya zo ya yi karo da ƙafata.

Ya dubi silifana. Ya dube ni.

"Ɗan jiki, ko?" na ce.

Matar da nake wa kitso ta yi dariya har sai da na sake tsaga layin. Matar Mai Burodi ce, kuma da ma tun zuwanta take cika mini kunne da yabon miji.

"Ke dai bari," ta ci gaba bayan Mai Sawu ya shige ɗaki da kunyarsa. "Mutumin da tun aurenmu bai san inda tsintsiya take kwana ba, yanzu kafin gari ya waye ya ɗauka ya fita bayan tanderu. In na ce kawo in yi, sai ya ce in huta. Tsufa ya zo masa da hankali. Naki fa?"

"Nawa sawuna yake bi," na ce, na ja gashin da ɗan ƙarfi.

* * *

Da yamma Mai Malafa ta biyo ta gidanmu. Ta cire malafar, abin da ban taɓa gani ba, ta ce akwai abin da ke damunta tun ranar farko.

"Kififiya ba ta barin ƙwanta a waje, Baba. Takan binne da zurfi ta daddale. Na ɗauka kare ne ya fara tonawa. Sannan takan yi ƙwai fiye da sau ɗaya a shekara, kuma wurin da ta saba take komawa. Na yi ta jiran ta dawo filin nan, shiru."

"Kin taɓa ganin sawunta a filin?"

"An yi ruwa kafin a kira mu. Ban ga komai ba."

Mai Sawu ya tashi ya bi bakin tafkin kafin rana ta faɗi. Ya dawo da taɓo har gwiwa, ya ce sawun tsuntsu ya gani, da na kwaɗi, da na beraye, amma na kififiya ko ɗaya.

Yaya tana zaune a gefe, ta kasa cin komai. "Ku bar shi kawai," ta ce a hankali. "Wataƙila ni ba a rubuta mini bango ba." Jin haka sai zuciyata ta karye, kuma ni in zuciyata ta karye faɗa nake nema. Na juya kan Mai Sawu.

"Kai dai ka iya shigo mini da taɓo. Mazan mutane har shara suke yi yanzu. Mai Burodi kullum da sassafe yana bayan tanderu da tsintsiya, matarsa sai taƙama take mini. Kai ko cokalin da ka ci abinci..."

Cokalin da yake cin abinci da shi ya faɗi daga hannunsa.

"Bayan tanderu? Ta wajen ruwa?"

"Ina na sani? Ni dai shara na ce."

"Rediyo," ya ce, "yau kin kamo tasha."

Na ce ai da ma da gangan na faɗa. Bai yarda ba, har yau.

* * *

Gari na wayewa muka zagaya ta bakin ruwa. Daga bangon tanderu zuwa tafki akwai wata 'yar hanya ta yashi, faɗinta bai fi tabarma ba, an share ta sumul. Mai Sawu ya ce jiya ya wuce ta, ya yaba tsabtar mai wurin.

Ni kuwa kallo ɗaya na yi na riƙe haɓa. "Wannan ai ba shara ba ce. Dubi leda, dubi ganye, dubi marfin kwalba, duk suna nan inda suke. Yashi kawai aka lallasa. Kuma ina aka tara sharar?"

"Ƙara dubawa," ya ce. "Ke in kina shara, ina sawunki yake?"

"A bayana, mana. Ina tura shara gaba ina bin ta."

"To ina sawun wannan?"

Babu. Ko ɗan yatsa babu. Mai Sawu ya ce a gandun daji ya sha ganin irin wannan, mai ɓoye sawu da baya da baya yake tafiya, yana share nasa da na abin da ya bi. Ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan iya idon sawu, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ya yafito ni. A cikin taɓon, ƙarƙashin ruwa mai haske, ga shatin farata a dama da hagu, ga santsin ciki a tsakiya, sun miƙe sak zuwa bangon tanderu.

Na taɓa yashin gindin bangon. Ɗumi kamar cikin zani.

"Ni ma da kififiya ce nan zan zo," na ce.

* * *

Mai Sawu ya ce a tara kowa a filin Yaya da hantsi. Bulon ginin ya zama kujeru. Ga Mai Malafa da malafarta, ga Lauya da jakarsa, ga Dillali yana ɗage ƙafa kada yashi ya taɓa takalmi, ga Mai Bene, ga Mai Burodi da matarsa da sabon kitso. Sauran unguwa suka jeru a jikin waya. Mai Sawu ya fito da tsintsiyata daga bayansa.

"Jama'a sun ɓata wurin nan da sawu," ya ce. "Kafin mu fara, kowane maƙwabci ya ɗan share gabansa. Mai Malafa, doka ta hana shara?"

"Ba ta hana ba, Baba."

Dillali ya karɓa da yatsa biyu, ya tura yashi gaba sau uku ya ce bayansa na ciwo. Mai Bene ya yi tasa a tsanake, layi-layi, yana bin tsintsiyar kamar yana duba 'yan aji. Yaya ta fizge ta share nata cikin fushi, ƙura ta tashi har Lauya ya yi atishawa.

Aka miƙa wa Mai Burodi. Ya sunkuya, ya kaɗa dama, ya kaɗa hagu, ya ja ƙafa baya. Ya sake kaɗawa, ya sake ja baya. Haka ya yi ta tafiya da baya har ya yi karo da tulin bulo ya zauna daɓas. A gabansa yashi sumul, babu sawu ko ɗaya.

"Baban yara," in ji matarsa, "wace irin shara ce wannan?"

"Ita kaɗai ya iya," Mai Sawu ya ce. "Bai taɓa yin wata ba." Ya matsa kusa da shi, ya sassauta murya. "Maƙwabci, ina ƙwan?"

Mai Burodi ya dubi tsintsiyar, ya dubi Yaya, sai ya fashe da kuka irin na ɗaurin aure.

"Suna ɗakin da kwaɓi ke tashi," ya ce. "A cikin tire, da yashinsu. Ko ɗaya bai fashe ba. Na ɗiga wa kowanne gawayi a sama don kada in juya shi."

Mai Malafa ba ta jira sauran ba, ta ruga har malafar ta faɗi.

Sauran ya fito tsakanin shessheƙa. Shekara da shekaru kififiyar na zuwa bayan tanderunsa, yana ma zuba mata ɓarɓashin burodi. Da dokar ta fito ya karanta allon a wani wuri: ba hura wuta. Gidan burodi ba wuta, ai an rufe shi ke nan, shi da ma'aikatansa, kuma ba diyya. Tsoro ya kama shi. Ya kwashe ƙwan ya kai filin da ke kusa, yana ganin ai fili ne babu kowa, in sun ƙyanƙyashe shi ke nan. Bai san rufewar ba ta da ranar buɗewa ba.

"Da na ga Yaya tana kuka a jikin waya, abinci ya daina wuce mini. Na ce bari in ɗauke su, in babu ƙwai ai dole a buɗe mata. Wallahi taimako na yi niyya!"

"Taimako!" Yaya ta miƙe. "Ka ɗora mini dutse a kai, ka dawo ka ɗauke shi da kan gaba ɗaya, ka ce taimako? Ashe burodin da kake aiko mini na toshiyar baki ne! Ni kuma ina ci ina sa maka albarka!"

"Yaya, ki yafe..."

"Kai da Allah! Wata nawa ina kwana ina kallon silin ɗin mutane!"

Ba wanda ya ce ta yi haƙuri, don ta fi kowa gaskiya. Sai da ta gaji don kanta ta zauna.

Mai Malafa ta dawo rungume da tiren kamar mai jego, fuskarta sai haske. Ta ce duk suna da rai. Ta ce filin Yaya ba sheƙa ba ne, bai taɓa zama ba, yau za ta rubuta a cire waya. Mai Burodi kuwa tara na jiransa, babu makawa.

"Tanderun fa?" matarsa ta tambaya.

Mai Malafa ta dubi tiren. "Ɗumin tanderun ne ke kawo ta. In aka kashe wutar, mun kore ta da hannunmu. Haka zan rubuta, kuma zan tsaya a kai. Amma hanyar nan ta yashi, daga bango zuwa ruwa, dole a killace."

"A killace, a biya," in ji Lauya, yana buɗe jaka da murna. "Ko faɗin tabarma ne, na mutum ne. Da tun farko dokar ta ce za a biya, da wannan bawan Allah da kansa zai kira ku ya nuna muku ramin. Maƙwabci, gobe ka same ni a ofis."

Dillali ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ce shi an yi masa asara. Mai Bene ya ɗaga kai ya dubi barandarsa ya yi ajiyar zuciya.

"Saura nawa hukuncin," in ji Yaya. Ta ɗauki tsintsiyar ta danƙa wa Mai Burodi. "Kullum da safe za ka share mini wurin ginin nan har a yi rufi. Kuma gaba za ka riƙa yi, kamar mutane."

* * *

Maganar diyyar hanyar yashi tana kotu har yanzu, Lauya ya ce a ƙara haƙuri. 'Ya'yan kififiya sun fito, Mai Burodi ya raka su har bakin ruwa yana sharɓar kuka. Sharar ma ya iya yanzu, sai dai matarsa ta daina yi mini taƙama.

Ranar da bangon falo ya kai tsayin mutum, Yaya ta zo da kwali a kai. Ba rufi, ba ƙofa, ba taga, sai sama a buɗe. Ta fito da agogon mahaifiyarmu ta goge shi da gefen mayafi. Mai Sawu ya miƙa mata guduma da ƙusar kankare. Ta zaɓi wuri, ta saita ƙusar, ta ɗaga gudumar. Sai ta tsaya, ta juya ga magini.

"Ba komai in buga a nan?"

Magini ya dube ta, ya dube mu. Mai Burodi ya tsaya da shara.

"Yaya," na ce, "wa kike tambaya?"

Ta dube ni. Sai ta fara dariya, hawaye na zuba, ta juya ta ba ƙusar nan duka har sai da tsuntsayen bakin tafki suka tashi. Ta rataye agogon, ya ɗan karkace. Mai Sawu ya miƙa hannu zai gyara, ta buge hannun.

"Bar shi," ta ce. "Haka nake so."